Mai Rabon Ruwa

Ƙarfe shida a Arequipa.
Dutsen Misti bai tuɓe farar hularsa ba,
ni kuwa na wanke hannu sau uku.
Kujera ta bakwai ta Don Eleuterio Huamaní ce,
Litinin, Laraba, Juma'a, ko da ƙasa ta kwana tana girgiza.
Yakan shigo da ƙanshin albasa a rigarsa,
ya miƙo mini hannun hagu kamar mai ba da ajiya.

Kafin allura, yatsu.
Nakan ɗora uku a wuyan hannunsa,
inda likita ya ɗinke jijiya biyu suka zama hanya ɗaya,
in yi shiru.
Akwai wani motsi a nan ƙarƙashin fata,
kamar kyanwa ta ƙoshi tana gurnani.
Muddin yana nan, muna da ƙofa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rabon ruwa a Sabandía,
shi ke buɗe magudana, shi ke datsewa,
wannan gona da asuba, waccan sai rana ta yi sanyi.
Yakan ce, "Zoila, ruwa ba ya ɓoye ciwonsa.
Kafin idonki ya ga ciyawar da ta tokare kwalbati,
kunnenki ya ji kukan ya sauya."

Injin ma yana da bakinsa.
Lamba ɗaya na faɗin wuyar da yake sha wajen jan jini,
ɗayar na faɗin yadda jijiya ke karɓarsa
in ya dawo a wanke.
Duk rabin awa ina rubutawa.
Ɗari da arba'in. Ɗari da hamsin da biyar.
Bayan mako uku, ɗari da tamanin.
Ƙararrawa ba ta ce uffan ba, ba a taka iyakarta ba.
Lamba ɗaya bebiya ce;
sai an jera su kamar sawu a laka
ake gane inda tafiyar ta nufa.

Ran Laraba na zare allura, na danna auduga.
Minti goma jini bai tsaya ba.
Sha biyar. Ashirin.
Ya dubi silin, ya ce,
"Tun Lahadi nake kara ta a kunne da dare.
Ta bar gurnani, fito take yi."
Na ce, me ya hana ka faɗa?
"Na ɗauka tsufa ne ke mini fito."

Na ɗauko abin saurare na bi jijiyar taki-taki.
Dab da gwiwar hannu sautin ya sirance,
kamar iska a tsagar ƙofa.
Ruwa ba ya tsami banza.
Muka auna gudu:
jinin da ke wuce ɗari tara a minti
yau da ƙyar ya haura ɗari huɗu da tamanin.
Na kira likita da hannuna bai gama bushewa ba.

Juma'a kujerar ta wuni babu kowa.
Sau nawa na waiwaya, ban ƙirga ba.
Can a hawa na uku suna zura ɗan balan-balan
da bai kai ƙwayar wake ba,
suna hura shi a inda hanya ta ƙuntata.

Litinin sai ga shi, hannu ya yi baƙi-baƙi da kwanciyar jini,
jikarsa Nélida na biye da buhun jar albasa
wanda doka ta hana in karɓa, na kuma karɓa.
Na ɗora yatsu uku.
Kyanwa ta dawo.
Ya lumshe ido ya ce, "An yashe magudana."

Na rubuta ɗari da arba'in,
na gyara masa bargo a ƙafa,
na wuce kujera ta takwas,
inda wata sabuwar zuwa ta ɓoye hannunta a hammata
tana kallon allura.